Kiɗan Da Mama Ba Ta Taɓa Jin Ƙarshensa Ba

"Ba zan cire ba! Ko nawa, ko naki!"

Doña Eulogia ta dangwarar da ludayi cikin tukunyar kunun jan masara har ya fantsamo wa Nélida a hannu. Nélida ba ta ko goge ba, surukarta kawai take kallo.

"Mama, gobe fa shekara ke cika. Kin san al'adar gidan nan, idan an dawo daga coci ke ce za ki cire mini baƙin kaya da hannunki..."

"Na sani, ai ba yau aka haife ni ba. In cire miki ki tafi wurin wa? Wancan mai juya takardar? Ya gaje kujerar ɗana, yanzu kuma matarsa yake son gada!"

"Efraín bai roƙi kujera ba, Mama, ba shi aka yi."

"To ke ma ki ba shi kanki! Ga ƙofa nan, ba a kulle take ba."

Nélida ta juya da sauri don kada hawayenta ya zubo a gabanta.

Lisandro, mijinta, shi ne babban mai kaɗa selo, wato ƙaton gogen nan da ake jinginawa a ƙirji, a ƙungiyar makaɗan birnin Cochabamba. Bai cika shekara talatin ba zuciyarsa ta tsaya, wata safiya yana ɗaure igiyar takalmi. Efraín kuwa abokin zamansa ne a dandali, su biyu takardar kiɗa ɗaya suke kallo, shi ke juya masa shafi. Shi ya ɗauki akwatin gawa ta gaba, shi ya riƙa kawo musu gas da dankali ba tare da ya ce uffan ba. Nélida ba ta san ranar da ta fara sauraron takunsa a ƙofar gida ba.

Amma marainiya ce ita. Duk duniya ba ta da wadda take kira Mama sai wannan tsohuwar mai kaifin baki.

Da yamma ta kira Efraín a waya.

"Idan ba ita ta cire mini ba, Efraín, ka haƙura da ni."

"Nélida, rayuwata... kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani. Ba zan binne mata ɗa sannan in bar ta da gida wayam tana tsine mini ba."

Ya ce, "Zan zo gobe. Ko da ludayi za ta kore ni."

Washegari bayan addu'ar coci tsakar gida ta cika maƙil. Mata 'yan kasuwa abokan Mama sun jeru gefe guda da hulunansu, makaɗa abokan marigayi suna ɗaya gefen. Ana rarraba miyar gyaɗa da giyar masara, kowa da labarinsa a baki.

Wani dattijo da ake kira Don Hilarión, tsohon malamin Lisandro, ya miƙe da sandarsa. "Yana ɗan yaro aka kawo mini shi, gogen ya fi shi tsawo. Ya ja tsirkiya ɗaya, ɗaya tak, na ajiye kofin da ke hannuna. Na koyar da ɗaruruwa, amma shi... shi kam aro aka ba mu."

Wata mai busa sarewa ta ce, "Ranar da ya yi wasa a birnin La Paz, da ya gama ba wanda ya tafa. Mun ɗauka an ƙi ne. Ashe mutane sun manta suna da hannu!"

"Ya isa!"

Doña Eulogia ce ta miƙe.

"Kowa ya ji shi! La Paz ta ji, Turawa sun ji, ni da na haife shi me na ji? Gutsattsari! Ta bayan bangon kicin! Ya kama wuri ɗaya ya yi ta maimaitawa kamar mai tankaɗe, ya tsaya, ya koma baya, ya sake. Ko sau ɗaya ban taɓa jin waƙarsa daga farko har ƙarshe ba."

Muryarta ta karye. "Ya roƙe ni, Mamita ki zo. Na ce wa zai tsare mini rumfa? Na ce gidan wasan nan na masu takalmi mai tsini ne. Na ce baɗi... baɗi..."

Wata ta miƙo waya. "Ƙawata, ai akwai kiɗan nasa a nan..."

"Ɗauke! Ɗana ba ya zama cikin gwangwani."

Daidai nan Efraín ya shigo, ƙaton akwatin gogensa a baya, gumi na tsatstsafo masa a goshi.

Tsohuwar ta ƙare masa kallo sama da ƙasa. "Ga magaji ya iso. Me kuma ya rage ka zo ɗauka, tukunyata?"

Wasu suka ƙunshe dariya. Efraín ya cire hula ya rusuna.

"Doña Eulogia, na ji abin da kika ce daga ƙofa. Alfarma ɗaya nake nema, daga ita in kin ce in fita zan fita. Abin da kike ji ta bango... ki rera mini ko ɗaya."

"Ni sa'arka ce?"

"Ko ɗaya, Mama."

Ta harare shi. Ta harari jama'a. Sannan, kamar mai jin haushin kanta, ta rufe baki ta rera wani ɗan guntu ta hanci, gajere, yana hawa ya sauko.

Don Hilarión ya zauna daɓas, ya gane waƙar.

Efraín ya riga ya zare gogen. Ya jawo kujera, ya kafa tsininsa tsakanin duwatsun daɓe, ya rungume shi. "Wannan tsakiya ne. Ga abin da ke gabansa."

Ya ja.

Sautin ya fito daga ƙasa can, mai kauri, kamar dutse ne ya buɗe baki yana magana. Nélida ta ji shi a ƙashin ƙirjinta kafin kunnenta. Ya yi ta tafiya a hankali, yana hawa, sai ga guntun Mama ya faɗo a gurbinsa daram.

Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah... ashe daga nan ya fito?"

"Akwai wani?"

Ta rera wani. Ya kai ta wurinsa. Ta rera na uku tun bai tambaya ba, har tana nuna shi da yatsa. "Wannan na lokacin da yake neman auren yarinyar nan ne, har kununa ya ƙone saboda shi!"

Haka gutsattsarin shekaru suka yi ta haɗuwa a gabanta. Ba mai motsi. Yaran da ke guje-guje sun tsaya cak, cokula sun sandare a hannun mutane. Tsigar jikin Nélida ta tashi. Ta sha jin waƙar nan a dandali, amma yau ne take ganin yadda aka gina ta, guntu bayan guntu, a ɗakin da ke bayan kicin.

Kwatsam Efraín ya tsaya.

"Ci gaba mana!" in ji Mama.

Ya girgiza kai, idonsa jawur. "Nan ne ƙarshen, Mama, kuma ban iya ba. Duk ƙasar nan ba wanda ya iya kamar shi. In ya zo nan mantawa nake in juya shafi, in saki baki ina kallonsa. Shi kuwa ido rufe yake wucewa, bayan an tashi ya ce, Efra, albashin kallo ake biyanka? Kujerarsa aka ba ni, amma duk ranar da na hau ta ji nake kamar na sa rigar babana."

Doña Eulogia ta matso kusa da shi. "Wanda yake hawa can sama kamar zai tsinke?"

"Shi."

Ta ce, "Damina guda ya yi a kansa."

Ta rufe ido ta ɗauko shi. Muryar tsohuwa ce, siririya, tana rawa, amma inda Lisandro ke jan numfashi nan ta ja, inda yake jinkirtawa kamar mai tsoron taka ƙasa nan ta jinkirta. Efraín ya sa gogen a ƙarƙashin muryarta a hankali, ya tallafe ta, suka hau tare.

Nélida ta toshe bakinta da hannu biyu. Mijinta ne. Wallahi shi ne, a maƙogwaron uwarsa. Don Hilarión ya cire hula yana kuka kamar yaro.

Suka sauka a sauti na ƙarshe, dogo, ya yi ta sirancewa har ya ɓace.

Tsit.

"Shi ke nan?" Mama ta tambaya cikin raɗa. "Haka take ƙarewa?"

"Haka, Mama."

"Kai... ɗan nan nawa!" Ta share fuska da gefen zane. "Ashe abin da yake yi ke nan."

Ta juyo. Nélida ta durƙusa a gabanta tana shessheƙa. "Mama, ba inda za ni, na yafe..."

"Rufe mini baki."

Busassun yatsun nan suka kama baƙin mayafin, suka warware shi daga kafaɗarta a hankali. Ta ninke shi, ta sumbace shi, ta ajiye. Sannan ta zare nata. Matan kasuwa suka ɗauki guɗa, suna zuba musu yankakkiyar takarda mai launi a ka.

Ta zaro farin hankici daga ƙirjinta, irin wanda ake kaɗawa a wurin rawa, ta danƙa wa Efraín.

"Kiɗanka dai da saura, ɗana. Tashi mu gani ko ka iya rawa... kar ka taka mini ƙafar 'ya!"