Mitar Gidan Malam Barau

Ranar da Habibullah ya fara ganin Ummukulsum yana tsugune ne a zauren mahaifinta a Gumel, hannunsa duk baƙin batir. Ta shigo da ruwa a kwanon sha, ta tsaya tana kallon akwatin ƙarfen da yake haɗawa.

"Sannu da aiki. Wannan ne zai hana maganin Baba lalacewa?"

"In Allah ya yarda. Inbata ake ce masa. In da wuta ya cika batura, in an ɗauke ya ba firji abin da ya tara."

Ta ce ta gane. Shi kuwa sai ya rasa inda wayar da ke hannunsa za ta shiga.

A shekarar 1996 ne. Mahaifinta Malam Barau tsohon malamin dabbobi ne, yana ajiye allurar rigakafin shanu a firji, makiyaya suna saye. Habibullah mai gyaran rediyo ne a Maigatari, shi ya samo masa na'urar daga wani ɗan kasuwar Damagaram.

Ba a jima ba Malam Barau ya aika a kira shi. Ya sa aka kashe firji da fanka da duk fitilun gidan, ya kai shi gaban mita. Faifan mitar yana ta juyawa.

"Wa ke shan wutar nan, Habibu?"

"Wallahi Baba ban sani ba."

Ya bi bango ko wani ya ja waya, babu. Ya sake fis, ya sake wayoyi, faifan bai fasa ba. Duk mako sai ya hau mota ya zo, ya koma kansa a ɗaure. Abin da ke sanyaya masa rai kawai shi ne Ummukulsum, da ke riƙe masa tocila tana tambaya.

"Malam Habibu, anya ba aljanu ba ne?"

"In su ne, ki roƙe su su ƙara mini mako guda."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Akwai Ɗanjuma, mai sayar da janareto daga Gagarawa, wanda ya daɗe yana neman ta. Shi ya samu Malam Barau ya ce, "Baba, da gangan yaron nan ya bar matsalar, don ya riƙa samun hanyar shigowa."

Malam Barau ya rasa wanda zai gaskata. Ya dai ce kada Habibullah ya sake taka masa zaure.

Da hanya ta toshe, Habibullah ya aika gaisuwa gidan rediyo. Ummukulsum tana tsince shinkafa ta ji an karanta: "Habibullah mai rediyo, Maigatari, yana gaida Kyauta a Gumel. Ya ce kansa ya ɗaure, amma zuciyarsa ta san hanya."

Hannunta ya tsaya cak. Kyauta ƙawarta ce, gidansu na kallon nasu. Ashe duk zaryar nan ba don ita ba ce? Ta kasa tambayar Kyauta, ta kasa cin abinci.

Ana tsakiyar bazara aka ɗauke wuta da hantsi, kafin azahar firji ya yi shiru. Malam Barau ya tsaya kan kwalaben allura yana jiƙa buhu yana rufa musu.

"Baba," in ji Ummukulsum, "kullum in ina shara, batirin can na gefe da ɗumi nake jin sa. Ɗan'uwansa kuwa sanyi ƙalau."

Tsohon ya ce a kira Habibu.

Ya iso kafin la'asar. Ba ta dube shi ba, ta nuna masa batirin da yatsa. Ya raba su, ya auna kowanne shi kaɗai. A batirin gefen, ɗaya daga cikin gidajen ruwansa ya mutu.

"Baba, wannan ba ya cika. Na'urar kuwa ba ta hutawa sai ta ga ya cika, shi ya sa take ta zuba masa wuta kamar ruwa a kwando."

Ya aro batirin wata babbar mota a tasha, firji ya tashi, allurar ta tsira. Da wuta ta dawo batura suka cika, suka sake kashe komai. Faifan ya rage gudu ƙwarai, amma bai tsaya ba.

"To wannan fa?"

"Wannan abincinta ne, Baba. Muddin tana jiran a ɗauke wuta sai ta ɗan lasa. Ba zan iya hana ta ba."

Malam Barau ya daɗe yana kallon faifan. "Wato na sayi mai gadi, ban san yana cin tuwo ba. Ban gama ganewa ba, amma da maƙaryaci ne kai, da ka ce mini ka gyara duka."

A bakin ƙofa Ummukulsum ta ce wa Habibullah, "Ka biya ka gaida Kyautar taka, ga gidansu nan."

"Gidan wa?"

"Ƙawata. Wadda ka gaisar a rediyo."

Ya dafe kai. "Ke nake nufi, Ummu. Tsoron Baba ya hana ni faɗin sunanki, sai na ce Kyauta, don kyauta ce Allah ya yi mini. Ban san akwai wata mai sunan ba."

Dariya da hawaye suka zo mata tare. "Kai dai komai naka sai ya rikita mutum."

"Ki yarda in turo manya, Kyautata?"

"Turo. Amma ka faɗa musu sunana sosai, kada su shiga gidan da ke kallon namu."

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar Malam Barau. Ƙawarta Kyauta ce ta riƙe mata mayafi har Maigatari. Kafin motar amarya ta tashi, tsohon ya riƙe hannun Habibullah ya ce, "Ga amana nan. Abin da ya shige muku duhu, ku tambayi juna. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Jama'a suka shafa, suka ce amin.