Gorar Adwok Ba Ta Taɓa Ƙasa Ba

Rana ta yi ja lokacin da su Adwok suka hango jirgin kayan daga nasu jirgin. Kwana biyu suna bin sawu cikin fadamar kudu da garin Malakal, suna duba tsummokaran da matuƙin jirgin turin farko ya ɗaɗɗaure a ciyayi. Wai ɗaya daga cikin jiragen da yake turawa ne ya kafe a yashi, ya kwance shi ya yi gaba, ya bar mutum guda gadin buhunan dawa. Mutumin kuwa Nyibong ne, yayan Adwok, ciki ɗaya.

Tun farko Adwok bai yarda da zancen ba. Yashi a tsakiyar damina? Kuma mai ba da labarin ya kasa kallon idon kowa. Ruwa ba ya tsami banza.

Aikin Adwok awo ne. Yakan tsaya a goshin jirgi da doguwar gora, ya caka, ya faɗi zurfi. Ƙa'ida ce, ba a ɗaura igiya sai mai gora ya zagaye jirgin da ya kafe. Amma da ya hango yayansa tsaye bisa buhuna, ƙa'ida ta bi ruwa.

"Yaya! Ka rage musu dawar kuwa, ko ka cinye?"

"Jefo igiya," in ji Nyibong.

Ya jefa. Sai daga baya abin ya tsaya masa a rai: Nyibong bai taɓa barin tsokana ta wuce bai rama ba.

Tsoho Mabior, matuƙinsu, ya ba inji wuta da baya. Igiya ta miƙe tana kuka. Jirgin kayan ko gezau. Warin man inji ya gauraya da na ruɓaɓɓiyar kainuwa.

Mabior ya leƙo. "Ɗan nan, zurfin gaba nawa ka samu?"

Kunya ta kama Adwok. Ya caka gora dab da jirgin kayan. Ta shige har hannunsa ya jiƙe. Babu ƙasa.

Ya matsa, ya sake cakawa. Babu.

To me ya riƙe jirgin?

Sauro ya taso kamar kullum, kowa sai marin kansa yake. Mabior ya sauko, ya raɗa wa Adwok a kunne: "Ina hayaƙinsa? Wa zai yi kwana biyar a nan bai hura wuta ba?"

"Baba, yayana kake zargi?"

"Duba shi dai."

Ya duba. Nyibong ba riga a jikinsa. Sauro ya yi baƙi a kewaye da shi, amma ko ɗaya bai sauka ba.

"Tsallako," in ji Nyibong a hankali. "Zo ka kama min."

Injinsu na ja baya, su kuwa gaba suke tafiya. Goshin jirgin ya fara sunkuyawa. Ruwa ya taɓa ƙafar Adwok.

"Gatari," in ji Mabior.

"Yayana ne!"

"Gatari na ce!"

Yana kuka ya sara. A sara na uku igiya ta tsinke.

Nyibong bai yi ihu ba. Kallonsu kawai yake, har ciyayi suka rufe shi.

Duk hanyar komawa Adwok yana neman bakin da zai gaya wa matar yayansa cewa da hannunsa ya yanke igiyar. Suna isa Malakal da la'asar, ga Nyibong zaune a gindin bishiya bakin gaɓa, ya rame, ƙafafu duk yanka. Masunta ne suka tsinto shi cikin ciyayi kwana huɗu da suka wuce.

Adwok ya ruga. Nyibong ya ɗaga sanda.

"Tsaya nan! Ran nan ma kai ne ka zo min a kwalekwale, kana cewa in jefo igiya."

Haka suka tsaya, taku biyar tsakaninsu, mutane na kallo, har rana ta faɗi. Wani sauro ya sauka a hannun Adwok. Bai kore shi ba. Ya sha, ya sha, cikinsa ya yi jawur.

Ganin sauro ya sami jini a jikin ƙanensa, Nyibong ya ajiye sanda.

"Zo nan, mai kunnen jaki. Dawar ma ban taɓa ba."