Tsohuwar Na'urar Ɗakin Ƙasa

Ana gab da kiran magariba Dogo ya ɗauki kwamfutarsa da igiyar haɗi, ya nufi ɗakin ƙasa. An ba su aiki ne shi da abokin aikinsa Mai Gilashi: su bi na'urorin ma'aikatar ɗaya bayan ɗaya, su ga wacce za ta iya ɗaukar sabuwar ma'ajiyar ilimi, inda abin da ma'aikaci ya sani zai zauna ko bayan ya yi ritaya. Wanda tsarinsa ya fi kyau, shi Shugaba za ta damƙa wa sashen.

Dogo ya riga Mai Gilashi zuwa da shekaru. Amma tun da wannan ɗan bana-bakwai ya fara sauka ɗakin ƙasa, bakinsa ya buɗe. Tambaye shi kwangilar da aka yi yana cikin zanin goyo, sai ya zazzago maka ita. Shugaba kuwa ba ta da magana sai "ku tambayi ƙanena". Shi ya sa Dogo bai rubuta nasa tsarin ko'ina ba. A kansa ya kulle shi, kada wani ya leƙa.

Ƙa'idar aikin, mutum biyu ke gwada na'ura, ɗaya na haɗawa, ɗaya na kallo. Da rana Mai Gilashi ya ce masa, "Yaya Dogo, tsohuwar nan ta kusurwa, don Allah kada ka haɗa komai da ita."

"To, mai gadin rijiya," in ji Dogo. A ransa ya ce, rijiyar da kake sha, yau ni ma sai na zura guga.

Ɗakin sanyi ƙalau, sai warin ƙonanniyar roba. Tsohuwar na tsaye a kusurwa, ta kai ƙirjinsa, koren idonta na ƙyaftawa. Ya tsuguna ya duba bayanta, kamar yadda yake yi wa kowacce.

Fulogin wutarta na yashe a ƙasa. Gizo-gizo ya yi saƙa a haƙoransa.

Kuma ƙarar da yake ji ba ta fanka ba ce. Tana shiga, tana fita, kamar numfashi.

Ƙafarsa ta ce gudu. Sai ya tuna "ƙanena". Ya soka igiyar.

Sunaye suka cika allon kwamfutarsa. Waɗanda suka yi ritaya. Waɗanda aka yi ta'aziyyarsu. A ƙarshe sabon fayil ya buɗe da sunansa.

"Kawo," aka raɗa masa a ƙeya.

"Na... karɓa na zo yi."

"Kowa haka yake cewa."

Rubutu ya fara gudu a allon. Tsarinsa ne, wanda bai taɓa rubutawa ba. Duk layin da ya fito, sai ya ji wurinsa a kansa ya yi fayau.

"Kwafi za ki yi?" ya tambaya.

"Ba na kwafi. Kwashewa nake. Wanda na so nake ba wa."

Ya cafki igiyar. Da ɗumi, tana bugawa kamar jijiya.

Ya ja. Ta ja.

Daga nesa ladan ya ɗaga murya. Igiyar ta saki. Dogo ya hau matakala da hannu da ƙafa, yana neman tsarin Allah da 'yan kalmomin da suka rage a bakinsa.

Ranar gabatarwa ya miƙe, ya buɗe baki, ba komai. Shugaba ta ce ya zauna ya sha ruwa.

Mai Gilashi ya tashi, ya ƙi kallon inda Dogo yake, ya shimfiɗa tsari tiryan-tiryan. Dogo bai taɓa jin mai kyansa ba. Zuciyarsa ta yi ta tafasa har aka gama tafi.

Ya taɓa na kusa da shi.

"Ka ji ɗan banza," ya ce ƙasa-ƙasa. "Wai me ya hana irin wannan tunanin ya zo mini?"