Fakon Da Aka Ce Babu Kowa

Ranar da labari ya zo cewa kamfanin mai ya sauya hanya, Akawu ya koma gida gab da magariba, kafaɗarsa har ciwo take saboda dafawar mutane. Wata huɗu ke nan garin yana rigima da kamfanin, wanda ya so ya binne bututunsa ta tsakiyar gonaki arba'in, ya kuma ratsa gefen rijiyar da kowa ke sha. An yi taro, an yi hayaniya, an tuge turakun masu awo, duk a banza. Sai da Akawu, tsohon ma'aikacin ofis mai son a ce masa gwanin alƙalami, ya zauna ya rubuta takarda. Ya ce me zai hana a bi ta fakon da ke bayan tudu? Ba a noma shi, ba a kiwo a cikinsa, babu kowa a wurin. Masu gonakin su arba'in suka dangwala yatsa a ƙasan takardar, kamfani ya yarda, masu awo suka je suka shafa wa duwatsun fakon jan fenti.

Yana zaune a tsakar gida yana maimaita wa matarsa abin da ya rubuta, karo na wajen biyar, ita kuma tana tsince shinkafa tana ce masa "uhm", sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

"Yaran unguwar nan ba su da kunya," in ji shi.

Na biyu ya faɗo. Na uku bai yi ƙara ba, a gefen ƙafarsa ya sauka a hankali, kamar hannu ne ya ajiye shi. Ya ɗauka. Jan fenti ne a jikinsa, ɗanye, har ya manne masa a tafin hannu. Kajin da ke shirin kwanciya suka yi tsit. A cikin ɗaki, keken ɗinkin Auta, 'yarsu mai shekara goma sha bakwai, shi ma ya tsaya.

Auta ta fito da gawayi a hannu. Ba ta dubi kowa ba. Ta tsaya a bakin ƙofar gida, ta soma takawa tana ƙirga ƙafa, tana sunkuyawa tana ja wa ƙasa layi, yadda masu awo ke yi. Uwar ta kira ta sau uku. Da layin ya iso tsakanin uwa da uba, sai ta yar da gawayin ta koma ɗaki ta kwanta.

Da safe ta ce ba ta tuna komai ba. Uwar ta share layin, ta zuba ruwa. Da magariba ta yi, duwatsu suka dawo, Auta ta fito, ta ci gaba daga daidai inda ta tsaya. Layin ya ratsa madafi, ya hau kan tukunya ya sauka. Washegari ya shiga ɗakin Akawu, ya raba gadonsa biyu. Mutumin da ya tsaya gaban manyan kamfani yana kaɗa yatsa, yanzu ko bayan gida ba ya iya zuwa sai matarsa ta riƙe masa fitila. Tsoro ya kama shi sosai.

A rana ta huɗu Auta ba ta ɗauki gawayi ba. Uwar ce ta cire mata ɗankwali, ta ga wani jan layi siriri ya taso daga tsakiyar goshinta, ya biyo hanci, ya tsaya a leɓe.

"Baban Auta," ta ce, "je ka kira Malam. Yanzu."

Malam tsoho ne, ba ya son surutu. Ya duba layin tsakar gida, ya juya duwatsun da sandarsa, ya yi alwala ya zauna a gefen tabarmar yarinyar. Rana ta gama faɗuwa yana karatu. Ɗakin ya yi sanyi. Can sai Auta ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafa kamar tsohuwa, ta buɗe baki. Muryar da ta fito a dushe take, ba ta taɓa zama tata ba.

"Wane ne ya rubuta babu kowa?"

Akawu ya ja da baya har bango.

"Da ni za ki yi magana," in ji Malam. "Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ni ce babbar gidan da ke bayan tudu. Tun ba a haƙa rijiyarku ba muke wurin. An shafa mana fenti a bakin ƙofa."

"Ki ji tsoron Allah. Yarinya ba ta rubuta komai ba."

"Jikokina ma ba su rubuta komai ba."

"Ubanta bai gan ku ba ne."

"Bai tambaya ba. Ya ceci gonarsa da gidan wani, sannan ya zauna ana dafa masa kafaɗa."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin Auta ya ɗauki rawa, gumi ya jiƙa mata riga, muryar ta yi nishi mai tsawo.

"Ƙona ni in kana so, tsoho. Muna da yawa. In na fita a ƙone, wata za ta shigo, ita kuma ba ta jin magana."

Malam ya dakatar da karatu. "To me kike nema?"

"Sabuwar takarda. Yatsun da suka ba da gidanmu, su za su karɓo mana shi. Duk arba'in ɗin, kafin motar haƙa ta taɓa fakon."

"Ki fita tukuna."

"Zan fita. Amma muryarta tana hannuna. Ran da yatsu suka cika, za ta yi magana. In ƙarfe ya riga su, shi ke nan."

Malam ya yi ta jan zance, ya roƙa, ya tsoratar, har muryarsa ta shaƙe. Abin da ya iya samu kawai shi ne alkawarin ba za a ƙara jifa ba, ba kuma za a taɓa lafiyar jikinta ba. Ƙaramin yatsan ƙafar Auta ya yi motsi, alamar aljanar ta fita, yarinyar ta koma ta kwanta. Da ta farka ta ga uwarta tana kuka, ta buɗe baki za ta tambaya, babu abin da ya fito.

Akawu ya rubuta takardar kafin gari ya waye. A cikinta ya ce garin bai yarda da gonaki ba, bai yarda da fako ba. Amma kowa ya san kamfani zai bi ɗaya daga cikin biyun. Ya ɗauki tawada ya fara bin gida gida.

Maƙeri, abokinsa tun suna yara, ya saurare shi har ƙarshe, ya sunkuyar da kai.

"Akawu, Auta 'yata ce, a gabana ta girma. Amma in na dangwala, bututun nan gonata zai dawo. 'Ya'yana tara." Ya ɓoye hannunsa a cikin riga.

Wasu suka ce sai sun yi shawara. Wasu, da sun hango shi, sai a turo a ce ba sa nan. Bai ga laifinsu ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

A rana ta tara ya dawo da yamma, ƙafafunsa sun kumbura. Daga kan tudu yana jiyo rurin wata babbar mota da ta sauka daga titi. Auta tana bakin ƙofa tana jiransa. Ta karɓi takardar, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa, ta tsaya a na goma sha ɗaya. Ta juya bayan takardar ko akwai saura. Sannan ta ɗago ta dube shi, leɓenta suka haɗu suka rabu sau biyu. Ya gane "Baba" take cewa, ya amsa mata.