Takalman Kaka a Jakar Makaranta

Auta ce ta fara lura. Kullum da safe, idan Kaka za ta sauko daga gado, sai ta dafa bango. Gwiwarta ta dama takan sage. Sai ta ɗan zagaya tsakar gida kafin ƙafar ta saki. Idan tana hawa matakala kuwa, gwiwar takan yi ƙara, ƙas, ƙas.

"Kaka, gwiwarki tana magana," in ji Auta.

"To ki ce mata ta yi shiru. Ban aike ta ba."

"Tana miki ciwo ne?"

"Kaɗan. Tsufa ne kawai. Kada ki kai wa babanki wannan surutun."

Kaka tela ce. Keken ɗinkinta yana bakin taga. Kullum da hantsi takan taka zuwa shagon zare a ƙarshen layi, ta gaisa da mutane, ta dawo.

Auta ta zauna ta yi tunani. Bara ta gurɗe ƙafa wajen tsallen igiya. Aka ce ta kwanta ta huta, ta kuwa warke. Ashe hutu ne maganin ƙafa!

"Daga yau kada ki ƙara tashi," ta ce wa Kaka. "Komai kike so, ni zan kawo."

Ruwa, Auta. Almakashi, Auta. Ko allura ce ta faɗi, kafin Kaka ta sunkuya Auta ta ɗauko.

"Ashe ina da 'yar aiki ban sani ba," in ji Kaka, tana dariya.

Amma da zarar Auta ta tafi makaranta, sai Kaka ta saka takalmanta masu laushi ta fice. Da Auta ta gane haka, sai ta yi dabara. Ta ɗauke takalman, ta cusa su a jakarta, ƙarƙashin littattafai.

Kaka ta duba ƙarƙashin gado. Ta duba bayan ƙofa. Ta rantse karen maƙwabta ne ya ɗauke. Sauran takalmanta kuwa matse ta suke yi. Dole ta daina fita.

Auta tana murna, a ganinta magani ya kama. Ina! Gwiwa sai ƙara sagewa take yi. Kaka ta bar keken ɗinki. Dariyarta ma ta ragu.

Wata safiya Kaka ta yunƙura za ta tashi daga kujera, ta koma ta zauna. Ta sake yunƙurawa, ta kasa. Sai da Mama ta kama hannunta.

Auta ta tsaya tana kallonta. Kada dai Kaka ta daina tafiya gaba ɗaya!

A aji ranar, hankalinta ba ya jikinta. Malama ta ce a fito da littafin lissafi. Auta ta fizgo nata, sai ga takalmi ya faɗo tim a gaban kowa. 'Yan aji suka fashe da dariya.

"Auta, yaushe ƙafarki ta yi wannan girma?" in ji Malama.

Auta ta fashe da kuka. Da aka fita hutun tara, Malama ta kira ta gefe, ta ji labarin tun daga farko.

"Niyyarki mai kyau ce," in ji Malama. "Amma ke ba likita ba ce. Yau ɗin nan ki faɗa wa iyayenki."

Da yamma Auta ta ajiye takalman a gaban Kaka, kanta a sunkuye. Ta faɗi komai.

"Ke! Ashe ɓarawon a ɗakina yake kwana!" in ji Kaka. "Ni kuma ina ta zagin karen mutane."

Baba bai yi dariya ba. "Inna, ke ma da laifinki. Ciwo kike ɓoye mana? Gobe sai asibiti."

Likita ta duba gwiwar. Ta lanƙwasa ta, ta miƙe ta, ta yi tambayoyi.

"Hajiya, amosanin gaɓɓai ne, amma yanzu ya fara," ta ce. "Akwai guringuntsi a tsakanin ƙasusuwan gwiwa, shi ke hana su gogar juna. Naki ya fara cinyewa. Wa ya fara lura da alamun?"

"Wannan ɓarauniyar," in ji Kaka.

Likita ta yi murmushi, ta dubi Auta. "Idonki ya yi aiki. Sagewa da safe, ciwo a matakala, ƙarar gwiwa, duk kin gani daidai. A wajen magani kika ɓata. Gurɗewa tana son hutu na ɗan lokaci. Wannan ciwon motsi yake so. Idan aka zauna, naman cinya yakan yi rauni, nauyi duka ya koma kan gwiwa."

Ta ce Kaka ta riƙa tafiya kaɗan-kaɗan kullum, da takalmi mai laushi. In ciwo ya tashi, ta huta, ta ɗora tsumma mai ɗumi. Kada ta sha magani sai wanda aka rubuta mata. Sannan ta koya mata motsa ƙafa: ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafar, ta riƙe, ta sauke a hankali.

A gida Kaka ta ce ba za ta yi ita kaɗai ba. Ta jera kujeru a tsakar gida, ta zaunar da kowa. Auta ce mai ba da umarni.

"A ɗaga! A riƙe! Baba, ƙafarka tana rawa!"

"Dubi ƙato," in ji Kaka. "Ni mai ciwo na fi ka."

Mama ta yi dariya har da hawaye.

Sannu a hankali ƙafar Kaka ta yi ƙarfi. Ciwon bai tafi duka ba, amma ya yi sauƙi sosai. Ta koma ɗinkinta, ta koma zuwa shagon zare. Da ƙafarta ta je har gidan maƙwabta ta ba su haƙuri a kan karensu.

Daga nan Auta ta koyi darasi. Idan ka ga alamar ciwo a jikin wani, kada ka ɓoye, ko da ya roƙe ka. Kada kuma ka ƙirƙiro magani da kanka. Ka faɗa wa manya, a je wurin likita tun da wuri.