Sharaɗin Inna Tani da Tumbin Zainu

Bahijja ta shigo gida da gudu, mayafinta na jan ƙasa, tana kaɗa takarda sama. Kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya.

"Inna! Inna! Sakamako ya hito! Jininmu ya dace! Babu sikila, babu komi!"

Inna Tani na zaune gefen murhu tana tankaɗen garin gero. "Ke, bi a hankali kada ki zubda min gari. Miƙo in gani."

Inna ba ta yi boko ba, amma akwai abu ɗaya da ta gane a takardar asibiti, wato lambobin nan biyu da ake rubutawa ɗaya bisa ɗaya. Shekara shida ke nan da ta ga irinsu a katin mijinta, mahaifin Bahijja, mako biyu kafin ya yanke jiki ya faɗi a gonar albasa da rana tsaka, bai sake tashi ba.

"Wagga lamba da anka zagaye da jan biro hwa?"

Murnar Bahijja ta ɗan ja baya. "Ta hawan jini ce, Inna. Nas ta ce na Zainu ya ɗan hau, wai saboda ƙiba. Ɗan kaɗan ne..."

"Karanta min."

Ta karanta. Inna ta ajiye rariya, ta kakkaɓe hannu.

"Ba ni ba shi ke," in ji ta.

"Inna!"

"Ba ni ba shi! Na ga yadda wagga cuta taka ɗaukan namiji. Ba ni aurad da ke bana in zo ina taya ki zaman takaba baɗi."

Shi kuwa wanda ake magana a kansa, Zainulabidin, dillalin albasa ne a Bodinga. Yaro ne mai kirki, mai salla, ga sakin fuska. Duk Shagari, garin su Bahijja, babu wanda ya taɓa kushe halinsa tun da ya fara zuwa zance. Sai dai tumbi! Tumbin Zainu kan riga shi shiga zaure. A kasuwa Alhaji ake ce masa alhali ko filin jirgi bai taɓa gani ba. Yini yake a kan buhu, balangu a dama, lemon kwalba a hagu, masallacin da ke bayan rumfarsa ma a kan babur yake zuwa. Bahijja kuma son sa take har cikin ranta, da tumbin da komai.

Kwana biyu tana kuka, ko fura ba ta iya haɗiya. A na uku Baba Altine, ƙanin mahaifinta wanda shi ne waliyyinta, ya zo ya zauna bakin ƙofar Inna yana ba ta haƙuri tun hantsi har azahar. Da ƙyar ta sassauta.

"To, ga sharaɗina. Yanzu anka gama dashen albasa. Kahin a cire ta, shi kawo min wata takarda wadda babu jan biro. Kuma hat lokacin kada in ga ƙahwatai ƙohwar gidan ga."

Da Bahijja ta faɗa wa Zainu a waya, dariya ya yi har tana jin buhun da yake zaune a kai yana ƙara.

"Wata huɗu? Haba Bahijja! Sati biyu ya ishe ni! Ki bar ni da tumbin ga, ni da shi ne!"

Abin da ba ta sani ba, ya kai maganar majalisar 'yan albasa, inda kowa likita ne. Nan aka haɗu aka yanke masa cewa kitse mai ne, mai kuwa rana ke narkar da shi. Saboda haka lokacin motsa jiki shi ne bayan azahar, sa'ad da kwalta ke tururi. Wani ya ƙara da cewa ya sa rigar ruwa ta leda don zufa ta fito sosai, wani ya ce kada ya kuskura ya sha ruwa, kitsen zai sake daskarewa. Zainu ya karɓa hannu biyu.

Ranar Laraba ya kira ta yana haki, murna fal muryarsa.

"Albishirinki! Na hau sikelin masu shinkahwa, kilo ukku sun tahi cikin kwana ukku! Ki lissahwa min wata guda!"

Bahijja ta daka tsalle a tsakar ɗaki. "Dan Allah? Wane irin tirenin kake yi haka?"

"Sirri ne, sai kin gan ni!"

Ta gan shi kuwa, amma ba yadda take so ba. Ranar Alhamis da la'asar Baba Altine ya shigo babu ko cikakkiyar sallama. An tsinci Zainu kwance a gefen hanyar Sifawa, cikin rigar leda, bai san inda kansa yake ba. Manoma ne suka yayyafa masa ruwa suka kai shi asibiti.

Inna ta dafe ƙirji. "Da rana tsaka? Innalillahi! Kamar ubanki, Bahijja, kamar ubanki! Na janye sharaɗin. Babu takarda, babu aure, magana ta ƙare!"

Bahijja ta ji kamar ta zuba da gudu har Bodinga. Har ta ɗauki mayafi, sai ta dubi fuskar uwarta, ta ga ba fushi ne a ciki ba, tsoro ne. Ta durƙusa gabanta hawaye na zuba.

"Inna, ba ni ƙetare maganarki. Amma ki bar ni in tai dubiya, ni da Baba."

Inna ta kau da kai. "Dubiya ba zance ba ta. Ku tahi ku dawo kahin magariba."

Sun iske shi kwance ana ƙara masa ruwa, ya yi zuru-zuru. Nas Hasiya, wata doguwar mata marar wasa wadda ita ce ta yi musu gwajin aure, tana tsaye a kansa riƙe da rigar ledar da yatsa biyu.

"Ku zo ku ga gwanin tirenin! Malam Zainu, albasa kake da za ka shanya kanka ga rana?"

Ya sunkuyar da kai. "Amma sista, kilo ukku hwa sun sauka."

"Ruwan jikinka ne ya tsiyaye, ba kitse ba! Ga shi nan muna mayar maka da shi ta jijiya. Mai hawan jini, cikin leda, ƙarhe biyu na rana, babu shan ruwa! Allah ne kawai ya yi da sauran kwananka."

"To wane lokaci ya hi, sista? Ki hwaɗa min sa'ar da kitse ya hi saurin zubewa."

"Babu wata sa'a ta sihiri. Nan garin namu dai ka guje ma rana: ko da sassahe, ko da marece in ta yi sanyi. Cikin biyun nan, wanda ya hi shi ne wanda ba za ka riƙa hwasawa ba. Ka soma da tahiya, minti ashirin, ka sha ruwa, ka sha maganinka, ka rage gishiri da maiƙo. A hankali ake yi."

Zainu ya sosa ƙeya. "Marece kam ba ni samu, lokacin ake lodin motoci. Sahiya kuma... barcin bayan salla akwai daɗi."

Bahijja, da tun shigowarta ba ta ce uffan ba saboda kunyar Baba, ta ɗago kai.

"Ka taɓa hwasa sallar asuba?"

"Allah shi kiyaye!"

"To ka ɗaure shi ga salla. Kana hitowa masallaci kada ka koma ɗaki, ka miƙe hanya."

Baba Altine ya gyara murya don ɓoye murmushi. Daga nan Bahijja ta faɗa wa Zainu abin da ya fi ciwon zafi, cewa Inna ta janye sharaɗi. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ko ta janye, ni ban janye ba," in ji shi.

Abin da ya biyo baya babu armashi a cikinsa ko kaɗan. Tafiyar minti ashirin ta zama ta arba'in. Ya jingine babur ya sayi keke, nan da nan kasuwa ta ɗauka cewa Alhaji Zainu ya karye. Aka yi sati uku sikeli bai motsa ba, har ya kira Bahijja murya a dushe yana cewa ya gaji. Ta ce masa, "Gobe dai ka hita. Goben kawai nake roƙo." Kullum haka take ce masa, kullum kuma sai ya fita.

Duk safiya, wajen ƙarfe bakwai, saƙon murya kan shigo wayarta. "Bahijja, yau na kai Sihwawa na dawo!" Wata rana, "Taya ta yi hwaci, na turo shi da ƙahwa, riba biyu ke nan!" Wata rana kuma, "Wandona ya zame a kasuwa, sai da na ɗaure da igiyar buhu!"

Bahijja ba ta sake yi wa Inna maganar aure ba, ko sau ɗaya. Sai dai yarinyar akwai wayo! Ba ta sauraren saƙon a ɗaki, sai ta fito wanke-wanke kusa da murhu, ta ƙure ƙarar waya. Inna takan haɗe rai tana dama koko kamar kurma. Ranar saƙon wando ne kawai Bahijja ta ga kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa.

Haka aka tafi har ganyen albasa ya kwanta, aka fara cira. Wata Asabar ƙarfe bakwai ta yi, waya shiru. Bakwai da rabi, shiru. Bahijja ta kira, ba a ɗauka ba. Ta wanke kwano ɗaya sau uku. Inna ta zuba koko ta ajiye, ta leƙa rana, ta sake leƙawa. Can dai ta kasa daurewa.

"Ke... yau mai keken bai yi magana ba?"

Bahijja ta saki baki tana kallonta.

"Mi kike kallona? Kira shi mana! Rana tana hitowa, in wani abu ya same shi bisa hanya hwa? Kira Altine shi bi sawunai!"

Kafin ta rufe baki suka ji ƙararrawa a ƙofar gida. Ƙirrin! Ƙirrin! Sai muryar Baba Altine daga zaure yana dariya.

"Tani, kin yi baƙo! Tun daga Bodinga bisa keke, wallahi da ƙahwahunai ya tuƙo!"

Bahijja ta yi wata ƙara ta toshe baki. Ta leƙa ta jikin labulen zaure. Ga Zainu durƙushe, riga ta yi masa yawa, gorar ruwa a gefensa, fuska sai sheƙi take. Tumbin bai tafi duka ba, gaskiya, amma ya koyi ladabi. Baba Altine ya miƙo takarda. Inna ta karɓa ta duba sama da ƙasa, ta juya bayanta. Babu jan biro.

Ta tsaya daga bayan ƙofa, kamar yadda surukai ke yi. Suka gaisa. Sannan ta ce:

"Yaro, na ga takarda. Amma takarda ta yau ta. In anka ɗaura aure, ka samu abin da kake so, sai a koma bisa buhu da balangu ko?"

"Inna, da hwarko don Bahijja na soma, ba ni yi miki ƙarya. Amma ranar da anka ce kin janye, na san ko na rame ba lalle a ba ni ita ba, kuma washegarin da anka sallame ni na hita. Yanzu in na idar da asuba ƙahwata da kanta take neman hanya. Ranar da za ni bari, sai ranar da na bar tashi salla."

Sai Bahijja ta ji sheshsheka, ta juya ta ga Inna ta jingina da bango tana kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar Malam, mijinta.

"Likita ya hwaɗa muna," in ji Inna. "Ya ce Malam shi rage maiƙo da gishiri, shi riƙa tattaki. Ni ce na ce a'a, kada mutane su ce ba ni iya kiwon miji. Ni da hannuna na riƙa ƙara mai man shanu, ina jin daɗi ana cewa ya yi kyau. Shekara shida abin ga yana cina, ban hwaɗa ma kowa ba."

Bahijja ta rungume ta. "Inna, kwana ne ya ƙare. Ba ke ba ce."

"Na sani, ɗiyata. Amma ke kada ki yi irin nawa son." Ta share ido da bakin zane, ta ɗaga murya. "Altine! Ka ce ma mutanen Bodinga su turo. Kuma a ba yaron ga ruwa shi huta, ba shi komawa bisa keken ga sai rana ta yi sanyi!"

Maƙwabciya da ta daɗe tana kasa kunne ta katanga ta rangaɗa guɗa, kafin ka ce me gida ya cika da mata. Bahijja ta ruga ɗaki ta faɗa kan gado, tana dariya tana kuka lokaci guda.

Bayan sati shida aka ɗaura aure a Shagari, aka kai amarya Bodinga.

'Yan uwana matasa, ku dubi wannan al'amari da kyau. Gaggawa ta kusa kai Zainu kabari cikin kwana huɗu, haƙurin wata huɗu ya ba shi lafiya ya ba shi mata. Jiki ba ya son a yi masa fin ƙarfi. Ku zaɓi lokaci mai sanyi wanda za ku iya riƙewa, ku riƙe shi. Idan kuma iyaye suka tsaya kai da fata a kan wanda kuke so, kada ku yi saurin cewa ƙiyayya ce. Sau da yawa wani tsohon ciwo ne ke magana a bakinsu, kuma ba a warkar da shi da gardama, sai da biyayya da aikin da ido zai gani.