Daren da Janareta Bai Yi Munshari Ba

Da safe aka tarar da siton kamfanin manyan motoci a wangale, sababbin tayoyin da aka sauke jiya babu ko ɗaya. Kwaɗon ƙofar baya na rataye lafiya lau, ba wanda ya fasa shi. Kafin Nas, ma'aikaciyar jinyar kamfanin, ta iso wurin aiki 'yan sanda sun riga sun tafi da maigadi, kuma maigadin nan Kawunta ne, wan mahaifiyarta, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama.

Ko jaka ba ta ajiye ba ta faɗa ofishin Manaja, inda Sufeto ya kafa kujera.

"Ranka ya daɗe, Kawuna ba ɓarawo ba ne."

"Kowa ma haka yake cewa a kan kawunsa," in ji Sufeto. "Makullin sito biyu ne, ɗaya a aljihun tsohon, ɗaya a ɗakin hutun direbobi. Direbobi duk suna kan hanya sai mutum biyu. An ce agogonki zai faɗi yadda suka kwana. In ya wanke su, gobe Kawunki sai kotu."

Agogon barci yake nufi. Tun da wani direba ya yi gyangyaɗi ya zuba mota a rami, kamfani ya ɗaura wa kowane direba ɗaya a hannu. Yana auna barci da motsi da bugun zuciya, ya tura wa kwamfutar Nas, wanda bai yi barci ba kuma ba ta yarda a ba shi mota. Da farko munafuki suke kiransa, sai da suka ga ciwon kai ya ragu suka saki jiki. Maigadi kam ba a ba shi ba. Wa zai auna barcin mutumin da aka ɗauka don kada ya runtsa? Ga shi yau kowa da shaidarsa a hannu, ban da Kawu.

Aka fara kiran Dogo. Ya shigo riƙe da kumatu, fuska ta kumbura gefe guda. Kwamfuta ta nuna idonsa biyu kusan har gari ya waye. Sufeto ya gyara zama.

"Me ya hana ka barci?"

"Haƙori, yallaɓai. Ko maƙiyina ba na yi masa fata."

"Ko dai taya?"

Nas ta dubi allon, ranta na so ta yi shiru, amma ba ta iya ba. "Ba shi ba ne. Bai yi barci ba, gaskiya, amma ƙafarsa ba ta taka ko'ina ba, zuciyarsa kuma a kwance take. Wanda ya gungura tayar babbar mota, wallahi sai zuciyarsa ta yi tsalle a nan."

Aka sallami Dogo. Ta san da bakinta ta ƙara matse wa Kawu igiya, abin ya yi mata zafi.

Sai Janareta. Munshari ya ja masa sunan, don in ya kwanta a ɗakin hutu kowa ɗaukar filonsa yake ya koma ƙarƙashin mota. Ya shigo da fara'a, tun ba a tambaya ba ya miƙo hannu.

"Duba ki gani, Nas. Shawararki na bi. Na bar kofi da yamma, na kashe waya, na kwanta da wuri."

Ta duba. Barci sumul, kamar an shimfiɗa zanin gado, ko juyi ɗaya babu. Sufeto ya rufe biro ya ce, "To, magana ta ƙare."

Ina! A wajen Nas yanzu ta fara. Wannan mutum numfashinsa sarƙewa yake in yana barci, ya zabura, ya koma, ya sake zabura. Kullum layin barcinsa a allon kamar haƙoran zarto. Ta yi masa magiya ya ga likita har bakinta ya gaji. Yau rana tsaka ya warke? Ga idonsa ja wur, ga hamma yana dannewa da bayan hannu.

"Kawo in goge maka shi," ta ce, ta kwance agogon. Janareta ƙato ne, a hujin ƙarshe yake ɗaurawa, har wurin ya buɗe. Amma can ciki, inda ko rabin hannunsa ba zai shiga ba, madaurin ya yi sabon lanƙwasa.

Da ya fita ta nuna wa Sufeto. Ya yi dariya. "Ke, so kike in kama mutum don ya yi barci mai daɗi?"

"Ba barcinsa ba ne. Bugun zuciyar ma ba nasa ba ne, na san nasa kamar yunwar cikina. Ka raka ni gidansa. In na yi ƙarya, ka haɗa ni da Kawu."

Ya dube ta ya ga ba ta da niyyar matsawa daga bakin ƙofa. Ya ɗauki hularsa.

Ɗaki ɗaya ne da falo, igiya cike da wankin jarirai. Matar Janareta, Maman Biyu, siririya ce mai tagwaye, ɗaya a goye, ɗaya a cinya yana tsotso. Ta tarbe su da murna.

"Ke ce Nas? Allah ya saka miki da alheri! Tun da na haifi yaran nan ban san barci ba sai jiya."

"Jiya me ya faru, 'yar'uwa?"

"Babansu mana. Ya ce kin ce a gwada min agogon a ga yadda nake kwana. Da kansa ya ɗaura min, ya kwashi yaran da madararsu ya kai wa Yayarsa, ya ce kada in motsa, ko ƙofa aka buga. Na kwanta ban san inda kaina yake ba." Ta yi dariya. "Na ce ashe mutumin nan yana ganina."

"Shi a ina ya kwana?" in ji Sufeto.

"Can wajen Yaya, ya ce zai taya ta."

"Mijin Yayar me yake yi?"

"Facin taya yake, a bakin titi." Sai ta dubi kakinsa, ta dubi Nas, dariyar ta tsaya. "Lafiya dai?"

Nas ta ji kamar ta nutse. Ta kama hannunta ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Maman Biyu ta daɗe tana jijjiga yaron da ba kuka yake ba.

"Na zaci tausayina ya ji," ta ce a hankali.

Nas ta ce, "Akwai tsoho a kulle saboda wannan. Za ki maimaita abin da kika faɗa?"

Ta goge ido da gefen zanin goyo. "Zan maimaita. Barcin ai ni na yi shi."

A bayan shagon faci aka samu tayoyin, an lulluɓe su da tamfol. Janareta bai wahalar da kowa ba, nan take ya amsa laifinsa. A caji ofis Sufeto ya tambayi Nas yadda aka yi ta gane tun farko.

"Ni na koya musu cewa agogo na ganin duk farkawa," ta ce. "Ya ji tsoron kukan yara ya tashi matar, a ce shi ne ya tashi, shi ya sa ya kwashe su. Da ya bar su, da barcinta ya yi ta yankewa kamar nasa, da ban kula ba. Ya yi wa ƙaryar kwalliya har ta wuce shi."

Aka buɗe wa Kawu. Ya fito ba hula, ba takalmi, ya ce, "'Yar nan, ban ɗauka ba."

"Na sani, Kawu. Zauna in karɓo maka kayanka."

Kafin ta dawo ya jingina da bango a kan bencin, baki buɗe, barci ya yi gaba da shi. Wani kurtu ya nufo shi zai taɓa kafaɗarsa, wai ya sa hannu ya tafi. Nas ta tare shi da takalmin a hannu.

"Kul! Takardarku ta jira."

Ta zauna kusa da Kawu, ta janyo kansa ta ɗora a kafaɗarta.